Ƙafar Wando

Ni tela ne a bakin tashar Mora,
kekena ya girmi ɗan farina.
Sababbin sojoji kan kawo mini kaki,
ba don ado ba, wandon ne ya fi ƙafa.
An yanka shi da awon ƙato,
ni kuwa yaro nake gani a gabana.
In durƙusa, allura a leɓena,
in auna yatsu huɗu, in ja alli,
in ga ƙwauri kamar karan dawa,
in yi shiru, in ci gaba da aikina.

Ran Lahadi, kasuwa na ci,
gardama ta kaure a rumfar shayin Bukar.
Ummate, da ya shekara shida yana banga
da kwari da baka da tocila mai ciwon ido,
ya daki tebur har kofi ya tuntsura:
"A kwashe su kaf, kowa ya sha horo!
Ba a fafe gora ranar tafiya.
Daren da aka shigo mana ƙauye
samari talatin ne, majiya ƙarfi,
ba wanda ya san in an yi harbi a kwanta.
A tsaye suka gudu.
Bakwai muka sallata kafin hantsi."

Malam Sali mai koyar da lissafi
ya hura shayi, ya ce a hankali:
"Ka koya wa dubu harbi, ka sallame su,
ba gona, ba jari, ba abin yi.
Yatsan da ya saba da kunamar bindiga
yana mantawa ne ranar da tukunya ta bushe?
Ita kuma dolen, ƙofar wa ta sani?
Ɗan mai hali zai zo da takardar likita,
ko a wayi gari yana karatu a Yawunde.
Ɗan mai dakon albasa ne zai yi layi."

Suka juyo: "Tela, kai fa?"
Na ce zarena ya ƙare, na tashi.

Ina da biyu a gida, ciki ɗaya, akushi ɗaya.
Haladu kan saɓa taɓaryar uwarsa
ya yi ta fareti a bayan ɗaki
har kaji sun san hagu da dama.
Isiyaku kuwa, ranar layya
sai ya ɓuya kafin a kwantar da rago.
Ba shi wayar da ta mutu, ya tashe ta,
amma jini, ko na kaza, sai amai.
Wace doka ce za ta auna su da gwiwar hannu ɗaya?

Sai dai ganin daman ma ina shakkarsa.
Duk wanda na rage wa wando na tambaye shi,
ba wanda aka ja da igiya.
Wannan an kore shanun ubansa cikin dare,
wancan ruwa ya cinye musu gero,
wani ya gaji da zaman jiran kwali ya yi magana.
Sun sa hannu da kansu, haka ne,
amma yunwa ce ta riƙe musu alƙalami.

Don haka ban san amsa ba, Ummate.
Malam Sali, ban sani ba.
Abin da na sani shi ne almakashi:
ban taɓa yanke rarar ƙyallen ba.
Ciki nake naɗe ta, in bi da zare mai sauƙin warwara,
ko yaron zai ƙara tsawo.

Watan jiya ɗaya ya dawo,
gemu ya fito, murya ta buɗe,
ya ce, "Baba, sakar mini ƙafar nan, ta ɗage."
Na warware, hannuna na rawa.
Ya miƙo dala arba'in, na ce ya bar su.

Sauran kuwa, ina da littafin awo,
sunayensu na nan da alƙalamin biro.
Ba na buɗe wannan shafin da dare.